Gwandar Dakta

Mijina yana da digirin dakta a harkar noma, amma ban taɓa ganin fartanya a hannunsa ba sai da muka shekara tara a Manchester. Abin da ya karanta shi ne yadda gwamnati za ta riƙa isar da shawara ga ƙananan manoma, har ya rubuta littafi mai kauri a kai, wanda da shi nake tokare ƙofar kicin idan ina suya. Kowa Dakta yake ce masa. Ni ma haka nake kiran sa, don idan ka kira shi da wani suna sai kunnensa ya toshe.

Ni kuwa a gona na tashi, a wani ƙauye kusa da Kura. A bayan ɗakin mahaifiyarmu, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, akwai gwanda guda uku. Babu wanda ya shuka su, babu wanda ya taɓa yi musu lacca, kuma ba su taɓa fasa haihuwa ba. Ni ce auta a gidan. Babban yayana, wanda ya yi noma har tafin hannunsa ya zama kamar fatar ganga, yanzu direban bas ne a Birmingham, yana zaune a Sparkbrook da iyalinsa, a wani gida mai ɗan tsakar gida a baya. Tsakaninsa da Dakta akwai gaisuwa mai tsawo da raini mai zurfi. A bayan ido Dakta yana ce masa Direba, shi kuma yana ce wa Dakta Manomin Takarda.

Muna zaune a hawa na uku a unguwar Hulme, ba mu da ko tafin hannu na ƙasa. Shekarar da nake magana ne kansul, wato hukumar gari, ta ba mu ɗan fili a lambun unguwa, bayan mun daɗe a layi har na manta mun nema. Maƙwabtanmu a lambun suna shuka dankali da kabeji da albasa. Na ce mu ma mu sa alayyafo da yakuwa a gwada. Dakta ya ce wannan noman 'yan fansho ne. Shi gwanda zai shuka.

"Gwanda a garin nan?" na ce. "Dakta, garin da ko wanki ba ya bushewa?"

"Madam, ilimi ya wuce inda kika bar shi. Zo ki gani."

Ya juyo mini da kwamfuta. Wani gidan sayar da dashe ne, an rubuta pawpaw da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an ce tana jure sanyi har ƙanƙara. Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san pawpaw ita ce gwanda, don haka Dakta bai ga dalilin karanta sauran bayanin ba. Ya ga dai an ce a sayi biyu, iri daban-daban, ya ce dabarar 'yan kasuwa ce, amma ya sayi biyun saboda ya riga ya san abin da zai yi da ta biyun.

Da kwalayen suka iso muka buɗe, sai ga 'yan sanduna biyu a dogayen tukwane, kowace da rassa da ganye dogo mai faɗi a ƙarshe, ya sunkuya ƙasa kamar kunnen akuya. Na murza ganye ɗaya na sansana, ƙamshin ɗanyen tattasai. Na sa farce a jikin sandar, babu farin ruwan nan mai danƙo.

"Wannan ba gwanda ba ce," na ce. "Gwanda ganyenta kamar hannu yake, da yatsu. Ba ta reshe tun tana ƙarama. Cikinta rami ne."

"Waccan ta ƙauye kike faɗa. Wannan ingantacciya ce."

"An inganta ta har ta daina zama gwanda?"

Ranar Asabar muka ɗauki ɗaya a bayan mota muka nufi Birmingham. A gaban matar Yaya da 'ya'yansa Dakta ya miƙa masa tukunyar da hannu biyu, ya ce ya kawo masa ne don ya san shi tsohon manomi ne, a ga wanda tasa za ta riga 'ya'ya, tsakanin ilimi da gado. Yaya ya duba sandar sama da ƙasa, ya dube ni, na kawar da kai.

"Allah ya amfana, Dakta," ya ce. "Mu da ba mu yi boko ba, da cewa za mu yi wannan icen goge baki ne."

Ya haƙa rami a lungun da katanga ta yi inuwa, inda ya fi tsammanin za ta mutu ba tare da ta tare wa kowa hanya ba. Ashe ita tana ƙarama inuwar take so. Dakta kuwa a tsakiyar fili ya kafa tasa, ya kewaye ta da igiya, ya sayo takalmin roba har gwiwa da safar hannu da wata hula mai faɗi ta kare rana, a garin da ranar ita ce take neman kariya. Duk wanda ya zo gidanmu a watannin nan sai an kai shi ziyara. Ɗalibai 'yan gida da suke zuwa cin tuwo ranar Lahadi sun sha tsayuwa a cikin yayyafi suna sauraron yadda za a rage wa Birtaniya dogaro da gwandar waje. Suna cewa "Haka ne, Dakta," saboda miyar kuka tana jiran su a gida.

Oktoba na shigowa ganyen ya koma rawaya. Kyakkyawar rawaya kuwa, kamar an shafa man shanu. Dakta ya ce ƙarancin sinadari ne, ya zuba taki. Cikin mako biyu ganyen ya zube kaf, aka bar sanda tsirara. A ran nan Yaya ya sa hoton tasa sandar a zauren dangi na waya, inda har ƙannen mahaifiyarmu suke, ya rubuta a ƙasa: "Gwandar Dakta ta riga mu gidan gaskiya. Za a yi sadakar uku a jami'a." Dangi suka yi ta turo dariya har daga Saudiyya. Wata gwaggonmu da ba ta gane ba ta kira ni tana salati, tana tambaya wace ce ta rasu a dangin mijina.

Dakta ya fita daga zauren. Daga ranar bai ƙara ɗaga wayar Yaya ba, Yaya kuma ya kira sau biyu ya ce ya sauke farali.

Washegari Dakta ya ɗauki shebur zai tone gawar. Na bi shi, don irin wannan ba a ba ka labari. A filin da ke jikin namu akwai wata tsohuwar Baturiya, ta haura saba'in, kullum tana durƙushe a cikin ƙasa da wata tsohuwar rigar sanyi ta maza. Tun zuwanmu Dakta yake mata gaisuwar sama-sama, ya taɓa ce mini irin waɗannan ne manoman da ba su da tsari. Ta ɗago ta gan shi ya kafa shebur.

"Me ta yi maka?" ta tambaya.

Ya ce ta mutu. Ta taso tana dafe da ƙugu, ta kankare bawon sandar da farcen babban yatsa, ta nuna masa. Kore shar.

"Barci take yi. Kowace shekara haka za ta yi, ta zubar da ganye, sai wajen Mayu ta farka, a makare, bayan kowa. Kada ka tone ta, saiwarta ɗaya ce doguwa, idan ta karye shi ke nan." Sai ta duba takardar da ke ɗaure a jikin reshen. "Ka dai san ba irin gwandar ƙasashen zafi ba ce ko? Wannan itaciyar dajin Amurka ce. Suna kawai suka haɗa."

Na ji wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na dubi Dakta ina jira. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ai na sani," ya ce. "Gwada saiwar nake so in yi."

A hanyar gida na ce, "Dakta, ashe ka sani."

"Akwai abubuwan da ba a yi wa mutum bayaninsu gaba ɗaya, Madam. Sai a hankali."

Na so ya kira Yaya ya gaya masa kada ya cire tasa. Ya ce ilimi ba a kai shi inda aka raina shi. Ni na kira. Yaya ya ce dama bai cire ba, matarsa ta ɗaura igiyar shanya a jiki. Da Mayu ta zo sandunan biyu suka fitar da ganye, Yaya ya sa hoto a zauren dangi ya ce ya tayar da matacciya da kashin tattabara. Wani ya turo wa Dakta. Ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai.

Shekara uku aka yi a haka. Itatuwa suna girma a hankali kamar masu jin nauyin tashi, surukai ba sa magana. Da salla idan za mu je Birmingham sai Dakta ya tuna yana da taro. A bazara ta huɗu, kafin ganye ya fito, sai ga furanni a jikin rassan, ƙanana, ja mai duhu kamar hanta, sun kifa kai ƙasa. Dakta ya kusa yin rawa. Ya kai hanci, ya ja da baya. Wari suke yi kaɗan, irin na ƙullun da ya kwana. Furannin suka yi kwanakinsu suka bushe suka zube, ko ɗa ɗaya. Na tambayi matar Yaya, ta ce su ma haka.

A wannan karon Dakta ya yi karatu. Ya gano ƙudan zuma ba ya kula wannan fure, ƙudaje ne suke masa aiki, kuma wai a can Amurka wasu suna rataya ruɓaɓɓen nama don kiran su. Shekara na zagayowa ya je unguwar Rusholme wurin mai kifinmu ya karɓo kawunan kifi cike da leda, ya rataya su a rassa da zare kamar layu. Ƙudaje sun amsa gayyata, har da waɗanda ba a gayyata ba. Dilolin gari ma suka ji labari, suka shigo suka tattake albasar mutane, suka tone wa wani bawan Allah dankalinsa. Kwamitin lambu ya rubuto wasiƙa mai ladabin nan na Turawa, wanda idan ka gama karantawa sai ka ji gara a zage ka. Dakta ya ce hassada ce, amma ya je ya kwance layunsa da safar hannu biyu.

Ina tattara zaren da ya bari ne tsohuwar nan ta yafuto ni.

"Ke ce mai hankalin gidan, ko?" ta ce. "Ko ya rataya saniya ba za ta haihu ba. Ba ta karɓar garin furenta. Sai na wata, iri daban. Ba biyu ake sayarwa ba? Ina ɗayar?"

Na ce tana Birmingham, a gidan yayana, wanda ba sa ga maciji da Dakta.

Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Sannan ta kama wani fure ta juyo mini da cikinsa. Ta ce idan sabo ne, bai gama yin ja ba, tsakiyarsa kore ce mai sheƙi, a lokacin yake karɓa. Idan ya tsufa ya yi duhu, ƙwallon da ke ciki ya saki gari mai ruwan ƙasa, a lokacin yake bayarwa. A sa ɗan burushi mai laushi a kwaso daga tsohon furen waccan itaciya a shafa wa sabon furen wannan. Iyakarta ke nan. Ta ce ta so ta gaya wa maigidana tun bara, amma duk lokacin da ta buɗe baki sai ya riga ta da cewa ya sani.

Na gaya wa Dakta da daddawa da gishiri, yadda ba zai ji zafi ba. Ya ce ya ga wannan a takardu, amma hujjarsa ba ta da ƙarfi, kuma ko da gaskiya ne ba zai je roƙon gari a gidan Direba ba. Na kira Yaya. Ya ce, "Auta, itaciyata ba ta neman miji a Manchester."

Ranar hutuna na ce zan je duba matar Yaya. Na hau bas ɗin safe da burushin hodata, na wanke shi tas ya bushe, da wata 'yar kwalbar turare da babu komai a ciki. Yaya yana wurin aiki. Na hau kujerar roba a tsakar gida, matarsa ta riƙe mini, muna dariya kamar masu satar mangwaro. Furanninsu sun ɗan riga namu, da yawa sun saki gari. Na karkaɗe a kwalba. A jakata kuma akwai ɗan abin da na samo daga tsofaffin furannin Dakta da sassafe, na shafa wa sababbin nasu. Na ci ɗanwake, na bi Stratford Road na kamo bas, kafin la'asar ina lambun Hulme ina bin furanni ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tana nuna mini da sanda. Sau biyu na yi wannan tafiya a cikin kwana goma. Dakta ya ce zumuncina ya ƙaru.

Bayan 'yan makonni sai ga 'ya'ya, ƙanana, a cure kamar yatsun jariri. Wasu suka zube, tara suka tsaya. A Birmingham goma sha ɗaya. Dakta ya ce aikin kawunan kifi ne, ya fara rubuta maƙala. Yaya ya ce kashin tattabara ne, ya cika zauren dangi da hotuna. Ni da matar Yaya muka yi shiru, muka bar kaza cikin gashinta.

Sai can cikin Oktoba suka nuna, da ƙyar, don ranar garin nan ba ta isa ta nunar da ko hira ba. Kore ne, dogaye kamar ƙaramin mangwaro, idan ka latsa sai su lotsa kaɗan, ƙamshi ya cika kicin. Dakta ya kira walima. Ya gayyato ɗalibai da abokan aikinsa biyu, ya ce a kira tsohuwar lambu ta ga abin da tsari yake yi. Har Yaya ya sa na gayyata, don cin nasara babu daɗi idan abokin gaba ba ya nan. Yaya ya zo da nasa goma sha ɗayan a kwalin takalmi, ya ajiye a tsakiyar tebur.

Na yanka ɗaya. Cikin rawaya ne mai laushi, sai da cokali, da manyan ƙwallaye masu ruwan ƙasa a jere. Na ce kada a ci bawo, kada a tauna ƙwallo. Na kai baki, sai na tsaya. Na dubi Yaya, shi ma cokali na bakinsa, idonsa a kaina.

"Auta," ya ce a hankali, "gwandar daji."

Ita ce. Ba daidai-daidai ba, wannan ta fi tsoka, akwai ɗanɗanon ayaba a ciki, amma ita ce wadda muke tsinka a bakin gona idan mun kai abinci, mu ci mu tofar da ƙwallo. Shekara ashirin ban ji wannan ɗanɗano ba. Tsohuwar ta ce ba mamaki, ta ji danginsu ɗaya da wasu itatuwan Afirka.

Dakta ya miƙe tsaye. "To kun ji! Gwandar daji. Me na ce tun farko? Gwanda!"

Daga nan ya shiga bayanin kawunan kifi. Yaya ya katse shi da tattabara. Murya ta fara tashi, ɗalibai suka sunkuyar da kai cikin faranti. Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta ji kalmar kifi da Turanci ta wuce sau uku. Ta ajiye cokali ta ce, cikin murya mai daɗi, ita dai abin da ya burge ta shi ne yadda matar gidan nan ta yi ta zirga-zirga a bas da 'yar kwalba, sau biyu, don ta haɗa itatuwan nan aure. Ta ɗauka kowa ya sani.

Wani ɗalibi ya ƙware, aka ba shi ruwa. Matar Yaya ta tashi ta shiga kicin, ina jiyo ta tana dariya a cikin tawul.

Yaya ne ya fara magana. "Wato garin itaciyata ne a cikin 'ya'yanka, Dakta."

"Nawa ne a cikin naka."

"Nawa sha ɗaya."

"Yawa ba shi ne inganci ba."

Babu wanda ya ce mini sannu. Dakta ya ci guda uku a zaune don ya nuna nasa sun fi, duk da tsohuwar ta ce a fara da kaɗan, ba kowane ciki ne yake karɓar ta ba. Washegari bai je jami'a ba. Maƙalar kuwa ban ƙara jin labarinta ba, sai dai na ji shi a waya yana gaya wa wani abokinsa cewa shi ya tsara aikin, ya tura Madam ta aiwatar.

Da na ji haka, shekara na zagayowa na ce ƙafata tana ciwo. Furanni suka buɗe, suka bushe, suka zube a garuruwan biyu, ina kallo ina shan shayi. Ko ɗa ɗaya ba a samu ba. Dakta ya ce sauyin yanayi ne.

Yanzu duk ƙarshen Afrilu waya takan yi ƙara, in ga Dakta ya ɗauka a tsaye, da muryar da yake yi wa ma'aikatan kansul magana.

"Salamu alaikum. Lafiya lau. Taka ta buɗe?"

Sai ya kasa kunne.

"Ta saki gari, ko dai gani kake kamar ta saki? To. Asabar. A'a, ni zan zo, kai ba ka iya riƙe burushi ba, kamar mai fentin bas kake yi."

Yakan dawo da yamma da kwalba a aljihun gaba, da ƙunshin kilishi da ya ce matar Yaya ce ta tilasta masa, ya yi awa guda yana ba ni labarin yadda Direba ya dasa itaciya a wurin da bai dace ba.